Duwatsun Gindin Rufewa

Ƙarya ce. Da wannan za ni fara, don in Allah ya ɗauki raina kafin in kai ƙarshe, ku san na faɗa. Abin da kunka tashi kuna ji a Sabon Birni, wai mahaifinku ya sa ruɓaɓɓen dutse gindin rufewa ta faɗi ta kashe uwar da ta haife shi, ƙarya ce tsagwaronta. Ni Kulu ina tsakar gidan ranar, da idanuna da kunnuwana, kuma ban ruɗe ba har yau, ko da kuna ganin na tsufa ina mance inda na aje carbi. Kun sha tambayata ina cewa ku bari. To na daina cewa ku bari.

Mahaifinku maginin rumbu ne, haka na iske shi sa'ad da anka kawo ni gidansu daga ƙauyenmu can bayan Tsamaye. Ku da kunka saba da awon gero a kasuwa, bari in tuna maku. Rufewa ita ce babban rumbun laka, mai ciki kamar tulu, bakinta can sama, sai da tsani ake kai gare shi. Ba a aza ta bisa ƙasa, don kada danshi da gara su ci hatsi. Bisa duwatsun marmara take zama, an jera su kewaye, babba guda a tsakiya, har kaji na shiga ƙarƙashi su sha inuwa. Laka kowa na iya cuɗawa. Zaɓen dutse shi ne aikin, kuma mahaifinku bai taɓa aika kowa ba. Da kansa yake zuwa tudu da jakinsa, ya wuni yana juya duwatsu yana ƙwanƙwasa su, ya dawo da guda biyu ko uku, ni kuwa in yi ta masifa an bar ni ba ruwa ba itace saboda tsakuwa.

Akwai kuma abin da yake yi kowace shekara, wanda ya gada wurin ubansa. In damina ta yi tsaka, hatsi ya ƙare, rumbuna sun zama wayam ana jiran sabo, sai ya bi gidajen da ya yi wa gini ɗaya bayan ɗaya. Ya kwanta rub da ciki ya kutsa ƙarƙashi da guntun ƙarfe, ya bugi kowane dutse ya kasa kunne. Mai lafiya ƙara yake yi tsaf, kamar an taɓa sabuwar tukunya. Wanda ya gaji kuwa muryarsa a dishe take fita. Shi wannan sai a tokare rufewar da itace, a zare shi a sa wani, kuma ba a iya yin haka sai ba komai cikinta. Ina amarya na yi masa dariya, na ce dutse kuma ya gaji, noma ya yi ko daka?

"Kaya ya ɗauka," in ji shi. "Ke kina ganin shina zaune, shi kuwa aiki shikai ba hutu. Ba ranar da anka aza mai kaya shike karyewa ba. Sannu-sannu kansa ke bajewa, cikinsa shi kumbura, tsaga ta shiga kamar silin gashi, ruwan damina shi bi tsagar. In kin ga jan gari na zuba gindinsa, to ya fara cin kansa. In guda ya sauka ko da kaurin farce ne, na kusa da shi su ke ɗaukar kayansa bisa nasu."

Gida guda muke da yayansa Alhaji Bawa, mai sayen hatsi, da uwarsu Inna. Rufewar da ta fi kowace girma cikin waɗanda mahaifinku ya gina, ta Alhaji ce, nan tsakar gidanmu, kuma kyauta ya yi masa ita. Mafi kyawun duwatsun da ya taɓa samu ya sa mata, ni na san wannan don ni na yi jinyar bayansa da ya gama ɗauko na tsakiyar. Inna ta maida inuwarta ɗakinta. Nan take shimfiɗa tabarma daga hantsi, tana ɓarar gyaɗa tana yi wa kowa faɗa, daga mu surukai har awaki.

Sai masifa ta shigo ƙasar. Ba sai na gaya maku ba, kun gani. 'Yan bindiga sunka aza wa ƙauyuka haraji, in an yi girbi su zo su ɗebi abin da sunka ga dama, wanda sunka gane ya ɓoye kuwa su cinna wa rumbunsa wuta, in ya yi sa'a ke nan. Mutanen ƙauyenmu sunka rasa inda za su sa abincin ɗiyansu. Sai sunka fara kawowa wurin Alhaji a ɓoye, har da ƙannena uwa ɗaya uba ɗaya. Damen gero ba ya ɓoyuwa bisa babur, don haka sai su sussuke shi, su zuba tsabar a rabin buhu, su rufa da ciyawa kamar ta dabbobi. Alhaji ya karɓa, ba za ni ci haƙƙinsa ba a nan, ya taimaka. Amma ya juye tsabar nan cikin rufewa, bisa nasa hatsin da yake riƙe yana jiran tsada. Rufewar nan don zangarniya anka gina ta, mai iska a tsakani. Tsaba kuwa, ku ɗauki ƙwarya guda ta wannan da ƙwarya guda ta waccan ku ji da hannunku. Ta cika fal har wuya, kuma ba ta sake zama wayam ba. In an ɗebi kaɗan daga sama, kafin mako wani babur ya shigo. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, duwatsun nan ba a sauke masu kaya ko sau ɗaya ba.

Mahaifinku bai bar shiga ƙarƙashinta ba. Shekarar da nake ba ku labari, cikin bazara, na ga ya fito yana kakkaɓe riga, tafin hannunsa jajir da gari. Ya nufi inda Alhaji ke alwala ya durƙusa. Ina bakin madafa ina jin su.

"Yaya, a sauke ma rufewag ga kaya. Na tsakiya ya mutu, biyu na gabas sun tsage. Ko kwana kaɗan ne a ba ni ita wayam."

"A sauke a kai ina?" in ji Alhaji. "A baje hatsin gari guda tsakar gida, kowa shi leƙo shi gani? Ka san wa ke kai labari daji? Ni ban sani ba. Kana so a zo a ɗauke ni, ko a bi mutanen da sunka kawo a yanka?"

"A riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan ana kai wa ɗakuna. Mata sun isa."

"Mata! Bakin mata? Nomau, dutse ne fa. Dutse kake gaya mani ya gaji, kamar wata tsohuwar jaka. Kai ka gina, in ka san aikinka ta tsaya."

Tsoronsa gaskiya ne, ban ce ba. Amma ni na san ba tsoro kaɗai ba ne. In an sauke, sai kowa ya ga nawa ne na Alhaji, nawa ne na baƙi, shi kuwa ba ya son ko matansa su san abin da ya tara. Mahaifinku ya koma ya sake komawa, har Alhaji ya daina amsa gaisuwarsa. Ya samo itacen ƙirya ya tokare inda hannunsa ke kai, ya cusa ƙananan duwatsu, amma ya ce mani duk wannan rarrashi ne, kayan na nan bisa waɗanda sunka gaji. Ya hana ku zuwa wurin, ku da kuke ƙanana lokacin, har ya taɓa marin ɗayanku a kan haka, shi da bai iya bugun ɗa ba. Sauran matan gidan sunka ji tsoro sunka janye turamensu. Inna kaɗai ta ƙi. Ya yi mata rumfa sabuwa bakin ɗakinta da zana mai kyau, ya je ya durƙusa ya roƙe ta.

"Ɗana guda ya gina, ɗana guda ya cika, ni kuwa in gudu?" in ji ta. "Mi za a ce? Tashi ka ba ni wuri, Nomau, kana tare mani iska. Kuma ka bar jayayya da yayanka."

Allah ya jiƙan Inna, amma taurin kanta ya fi na marmarar. Na faɗa, ku ji haushi in kun so.

Ranar ba iska ba hadari. Bayan azahar ne, rana na dukan ƙasa, mahaifinku ya tafi wani aiki wajen garin Isa. Ina tankaɗe sai na ji wata ƙara ƙas, kamar an karya busasshen kara, kaji sunka fito daga ƙarƙashi da gudu. Na ɗaga kai na ga rufewa ta sunkuya gabas a hankali, wallahi a hankali, har na yi zaton jiri ne ke ɗibata. Na buɗe baki in kira Inna, cikin rufewar ya fashe. Gero ya kwararo da gutsattsarin laka ya rufe tabarmar da mai ita. Da ƙura ta lafa ba abin da ake gani sai tulin hatsi ya kusa kai ƙirjina, da takalminta guda a gefe.

Na ɗora hannu a kai za ni yi kururuwa, sai ga Alhaji ya fito daga turaka ba hula. Abin da ya fara yi, ku saurara da kyau, ba wajen uwarsa ya nufa ba. Zaure ya ruga ya sa sakata.

"Kada wadda ta yi kuka! Wadda ta ɗaga murya na sake ta, ko ba matata ba ce sai ta bar gidan ga! Ku ɗauko ƙore, ku kwashe ku kai ɗakuna."

Maƙwabta sun ji ƙarar, sunka zo suna bugun ƙofa suna tambaya lafiya. Ya ce masu ta bayan ƙyaure, lafiya lau, tsohuwar katanga ce ta zube, mata ba su kimtsa ba. Maza majiya ƙarfi ke nan a ƙofa, masu shebur da kwando, ya sallame su. Munka rage mu mata huɗu da shi, da ƙore da masakai. Ni ban kai ko ƙwarya guda ɗaki ba, da hannuna nake tono ina watsawa baya, yana yi mani tsawa wai ina ɓarnar hatsi. Kuma na ji ta. Na rantse da wanda raina ke hannunsa na ji muryar Inna daga ƙasa, tana nishi tana salati. Na ce Alhaji tana da rai, a buɗe ƙofa! Ya ce in yi shiru in yi aiki. Gero ba ya tonuwa, kina ɗiba yana gangarowa yana cike gurbin. Kafin mu kai gare ta nishin ya daɗe da tsayawa. Sai da anka share tsakar gida, anka bar ɗan abin da ba zai ba kowa mamaki ba, sannan ya zare sakata ya ce to, mu yi kuka.

Mu yi kuka! Kamar mai ba da izinin a fara cin tuwo.

Mahaifinku ya iso an gama wanka. Bai shiga ɗaki ba sai da ya je ya tsuguna wurin kangon, ya ɗauki dutsen tsakiyar, wanda a da sai mutum biyu ke ɗaga shi, ya ga ya dare gida-gida, yana marmashewa cikin yatsunsa. Ya daɗe nan tsugune.

Wurin zaman makoki anka gama da shi. Na kawo fura zaure, ina bayan zana, sai wani dattijo maƙwabcinmu ya yi tambayar da kowa ke yi a zuci. Ya ce abin da mamaki, rufewa ba wani kayan kirki cikinta, ba ruwa ba iska, ta faɗi haka kawai? Da a ce Alhaji ya ce ƙaddara ce, wa zai ja da shi? Wa ke jayayya da ƙaddara a gidan mutuwa? Kalma guda ce, kuma tana bakin kowa. Amma ya ji tsoron kada a ci gaba da tambaya, sai ya nemi inda zai aje maganar ta zauna.

"Duwatsun ne ba su da kyau," in ji shi. "Ku je ku gani, ruɓaɓɓu ne, da hannu ake murje su. Na sha gaya wa Nomau shi riƙa kula da aikinsa. To, Allah ya riga ya hukunta, ƙanena ne, na yafe mai."

Ya yafe masa. Kun ji fa. Kowa a zauren ya juya ya dubi mahaifinku, ni kuwa ina bayan zana ina cewa a raina yi magana, bawan Allah, buɗe baki. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah shi gafarta muna baki ɗaya. Shi ke nan abin da ya ce. Mutane sunka je sunka ga duwatsun, sunka murza da hannunsu, sunka gaskata. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya maida su haka.

Da munka keɓe na tare shi, ban taɓa yi masa magana irin ta ranar ba. Na ce wane irin mutum ne kai, a kashe uwarka a ɗora maka gawar ka ce amin? Na ce in ba ka iya ba ni na iya, gobe za ni tsaya ƙofar gida in faɗa.

"Ki faɗi mi?" in ji shi. "In kin ce kaya sunka yi yawa, a ce kayan wa? In kin ce tsaba ce, a ce daga ina? Kafin Juma'a maganar ta kai daji. Ƙannenki na can, Kulu, da ɗiyansu. Ki rantse mani ba ki buɗa baki muddin da sauran mutum guda a ƙauyen nan."

Ya ɗauko Alƙur'ani ya sa na dafa. Na dafa ina zaginsa a zuci, kuma har yau ban gama huce masa ba. Ya sayi ran 'yan'uwana da sunansa, bai shawarce ni ba, ya bar ni da bashin da ba ni da bakin godiya a kansa.

Daga nan ba wanda ya sake kiransa gini. Gidajen da ya shekara yana shiga ƙarƙashin rumbunansu kyauta sunka riƙa cewa maigida ba ya nan. Wasu sunka kira wani magini ya sauya duwatsun da ya sa, lafiyayyu, anka zubar da su bakin hanya yana wucewa yana gani. Yara na binsa da waƙa. Munka bar gidan gado munka kama ɗaki biyu bayan kasuwa, ya koma fasa tsakuwa yana sayar wa masu ginin siminti, ƙurar ta shiga ƙirjinsa ba ta fita ba. Alhaji kuwa ya gina sito na bulo da ƙofar ƙarfe, ya sake zuwa Makka, ya ɗauki ɗan'uwanku Sani ya sa shi makaranta, gari na yabonsa wai ya riƙe ɗan wanda ya kashe masa uwa.

Kai Sani, da kai nake yanzu. Ka tuna ranar da ka zo duba shi cikin ciwon ajali, da farar shaddarka, ka zauna bakin gado? Ka girma lokacin, har ka yi aure. Ka ce Baba, ni dai abu guda nake so in sani, me ya sa ka sa wa Inna wannan dutsen? Ina riƙe da kofin kunu. Ya dube ni, ya ga bakina na motsi, ya girgiza mani kai. Sannan ya ce maka kuskure ne, ɗana, kowa na yi. Kai kuwa ka gyaɗa kai kamar alƙali, ka ce Allah ya yafe. Ban ga laifinka ba, abin da anka ba ka ka ci. Amma ka sani kunun nan ban san sa'ad da na zubar da shi ba, kuma da ka fita ya juya fuska bango.

Na riƙe rantsuwata shekara da shekaru. Ƙauyenmu ya yi ta raguwa, wasu sunka tsallaka Nijar, wasu sunka shigo gari, wasu an kashe su duk da haka. Bana, bayan girbi, ƙanena na ƙarshe ya iso da iyalinsa da akuya biyu, ya ce ba kowa can yanzu, ko kare. Ban tsaya na ba su ruwa ba. Na yafa mayafi na ɗauki sandata na nufi gidan Alhaji.

Yana ƙofar gida bisa kujera bayan la'asar, ya tsufa ƙwarai, mutane zaune kewaye da shi bisa tabarmi. Na tsaya tsakiyarsu ba sallama. Ni da ban taɓa kiran sunan mahaifinku ba tun da anka ɗaura muna aure, na kira shi da ƙarfi a gaban maza. Na ce Nomau bai sa ruɓaɓɓen dutse ba. Na faɗi tsabar, na faɗi roƙon da ya yi, na faɗi sakatar, na faɗi nishin Inna. Na ce Alhaji, nan ka faɗi ƙaryar gaban mutane, nan za ka janye ta. Ban rage ko kalma ba.

Sai da na gama na dubi fuskokin. Ina neman dattijon da ya yi tambaya, ina neman liman na lokacin, ina neman waɗanda sunka murza duwatsun da hannunsu. Babu ko ɗaya. Duk samari ne da baƙi 'yan gudun hijira, masu jiran a ba su awo. Suna kallona da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ta fara zarewa. Wani daga cikinsu ya matsa kusa da kujera ya yi ƙasa da murya.

"Baba Alhaji, wane ne Nomau?"

Alhaji ya ja carbinsa, bai dube ni ba.

"Wani ƙanena ne," in ji shi. "Ya daɗe da rasuwa. Ku ba ta ruwa ta sha."

Wani yaro ya kawo ruwan a kofin silba, da sanyinsa. Na bar yaron tsaye da shi a hannu, na juya na taho gida.